Yadda Ake Jera Kiɗan Zaure Na Turawa: Gudu, Gidan Sauti Da Haɗa Gaɓa

Kiɗan da Turawa ke kira cemba kiɗa ne na mutane ƙalilan, biyu zuwa takwas ko tara, kowa da layinsa, babu madugu a tsaye yana kaɗa musu sanda. Ni kiɗan zaure nake kiransa, domin asalinsa na ɗakin baƙi ne a gidajen masu hali na Turai, kafin ya fita manyan dandali. Mafi shahara a cikinsa shi ne na 'yan huɗu: biyolin biyu, biyola ɗaya, celo ɗaya, dukkansu dangin goge, ana jan izga a kan tsirkiya.

Wanda yake son jera irin wannan kiɗa ya tafi bai ɗaya na minti arba'in ko awa guda, don shirin rediyo ko don sauraron dare, zai ga manhajojin 'yan DJ suna ba shi lambobi biyu a kan kowane fayil: yawan bugu a minti, da gidan sauti, wanda 'yan situdiyo ke kira ki. Ranar da na fara wannan aiki na ɗauki lambobin da gaske. Na haɗa kiɗa biyu da manhaja ta nuna gidansu ɗaya, na sa wutsiyar na farko ta shiga kan na biyu. Da na saurara sai na ji wani tsami a tsakiya, kamar magogi biyu da kowa ya ɗaure tsirkiyarsa daban. Ashe rukuni ɗaya da kayan kiɗa irin na dā suka yi aiki, an sassauta musu ɗauri, ɗayan kuma da na zamani. Tun daga ranar na daina auna kiɗa gaba ɗayansa. Bakin ƙofa nake aunawa, wato daƙiƙa ashirin na ƙarshen mai fita da daƙiƙa ashirin na farkon mai shigowa. Wannan mahaɗa ita ce gaɓa, kuma duk aikin a nan yake.

Mataki na farko: tara kaya

Ka nemi fayil na WAV ko FLAC. MP3 yana cinye wutsiyar amo, wurin da sauti ke mutuwa a hankali cikin ɗaki, kuma wutsiyar nan ita ce za ka yi ɗinki da ita. A manhajojin gyaran sauti, Audacity kyauta ne kuma ya isa; mai Reaper ya fi samun sauƙin jan fayil gaba da baya. Mixxx ma kyauta ne, yana hasashen ki. Sai abin sauraro na kunne mai kyau, da takarda da biro.

Ka kula da haƙƙin mallaka tun yanzu. Marubucin kiɗa Haydn ya rasu a 1809, rubutunsa ya zama na kowa, amma ɗaukar da wasu makaɗa suka yi bara tana da masu ita. In za ka watsa, ka nemi izini, ko ka duba shafin intanet na Musopen, inda ake samun ɗaukar da aka saki. Takardun kiɗan kansu suna shafin intanet na IMSLP, za su yi maka amfani ko da karatunka na alamomin kiɗa bai yi nisa ba, domin a saman shafi ake rubuta gudu da ma'aunin bugu.

Mataki na biyu: rubuta ki biyu ga kowane babi

Gidan sauti shi ne sautin da kiɗa ke komawa ya huta a kansa. Akwai sautuka 12, ana kiransu da haruffa A zuwa G, na tsakaninsu kuma da ƙarin shaf (ɗan sama) ko filat (ɗan ƙasa), kowanne da fuska biyu: mejo mai haske, maino mai duhu. Gidaje 24 ke nan.

Irin wannan kiɗa yakan zo kashi-kashi, kowane kashi nake kira babi. Tarko na farko yana cikin sunan kiɗan. Idan aka rubuta cewa kiɗan 'yan biyar na Schubert na 1828 yana C mejo, babi na farko da ƙarshen na ƙarshe ake nufi. Babi na biyu, Adagio, wato mai tafiya a hankali, yana E mejo, a tsakiyarsa kuma guguwa ta taso a F maino kafin a koma E. Manhaja tana tattara duk sautukan minti 14 ta fitar da matsakaici, matsakaicin nan kuwa ba lallai ya zama abin da kunne zai tarar a bakin ƙofa ba.

Don haka a takardarka ka ja layi biyu: gidan shiga da gidan fita. Misali mai kyau shi ne babi na biyu na kiɗan 'yan huɗu na Schubert mai lamba D. 810, na 1824. Da G maino yake buɗewa, da G mejo yake rufewa. Abin da zai gabace shi da G maino zai yi hulɗa, abin da zai biyo shi da G mejo. Haka kuma kiɗan Mozart mai lamba K. 465 na 1785: sunansa C mejo, amma gabatarwarsa tana yawo cikin sautuka masu karo da juna har kusan minti biyu kafin gida ya bayyana. Irin wannan ba a shigar da shi kan wutsiyar kowa, shiru ake ba shi ya fara da kansa.

Hanyar tabbatarwa: yanke daƙiƙa 20 na ƙarshe ka ba manhaja su kaɗai, sannan ka sauke manhajar piyano a waya, ka nemi sautin da celo ya tsaya a kai a bugun ƙarshe. Kusan kullum shi ne sunan gidan.

Mataki na uku: auna ɗaurin tsirkiya

A nan mutane ke faɗuwa, don haka zan daɗe.

Makaɗa suna daidaita kayansu da sautin A. Ma'aunin duniya, ISO 16, ya ajiye shi a girgiza 440 cikin daƙiƙa. Amma yawancin makaɗan nahiyar Turai suna ɗaurewa a 442 ko 443. Masu kiɗan zamanin Bach da kayan dā sukan sauka 415. Masu kiɗan Haydn da Mozart da kayan zamaninsu sukan tsaya wajen 430.

Tazarar sauti da maƙwabcinsa na kusa, rabin mataki, ana raba ta kashi 100, kowane kashi sunansa sent. Daga 440 zuwa 442 kusan sent 8 ne. Daga 440 zuwa 443 kusan 12. Daga 440 zuwa 430 kusan 40. Daga 440 zuwa 415 kuwa rabin mataki ne cur, da ɗan ɗigo.

Ga abin da wannan ke nufi a aikace. Na 415 ba shi da wahala: duk abin da aka rubuta C mejo, a kunne B mejo ne, sai ka rubuta B a takardarka, magana ta ƙare. Na 442 da 440, in akwai shiru tsakaninsu, da wuya mai sauraro ya lura. In kuwa suka hau juna, za a ji sauti yana rawa sau biyu a daƙiƙa. Na 430 shi ne mai taurin kai, ya faɗa tsakanin gida biyu, ba ya C, ba ya B, bai dace da kowa ba sai ɗan'uwansa na 430.

Yadda za ka auna: nemi dogon sauti tsayayye. Na klarinet ko piyano ya fi, domin masu biyolin suna karkaɗa yatsa a kan tsirkiya, sautin yana lilo sama da ƙasa. Zaɓi daƙiƙa biyu ko uku, buɗe Plot Spectrum a Audacity, ka ɗaga girman awo zuwa 65536. A fayil mai awo 44,100 a daƙiƙa wannan yana rarrabe abin da bai kai girgiza ɗaya ba. In ka bar shi a 16384, tazarar awonsa ta kusa girgiza uku, ba zai bambanta maka 440 da 442 da tabbaci ba. Ka auna wuri biyu ko uku. Tsofaffin ɗauka da aka kwafo daga faifai ko tef wani lokaci injin ya yi sauri ko nawa, su ma a auna su.

Gyara fa? Daga 442 zuwa 440, ka yi amfani da canjin gudu na gaba ɗaya, irin na rage saurin faifai, wanda ke sauke sauti da gudu tare. Ragin kashi 0.45 cikin ɗari ne, kiɗan minti 10 zai ƙaru da daƙiƙa uku babu kaɗan, kuma ba ya barin tabo. Kayan da ke canza sauti su bar gudu yadda yake suna yayyanka sautin su sake ɗinke shi, a kan biyolin kuwa ɗinkin yana fitowa, sai ka ji wani ƙarfe-ƙarfe a saman murya. Na 430 ban yarda a ɗaga shi 440 ba. Kashi 2.3 ne cikin ɗari, minti 10 zai rasa kusan daƙiƙa 14, muryar kayan za ta sirance, kuma waɗancan mutane da gangan suka zaɓi wannan ɗauri. Ka ware masu 430 su zauna tare, ko ka raba su da sauran da maganar mai gabatarwa.

Mataki na huɗu: jera gidaje

'Yan DJ suna amfani da da'irar Camelot, wadda ta ba kowane gida lamba kamar fuskar agogo. Harafin B da ke bin lamba na mejo ne, A na maino, ba sunayen sautuka ba ne. C mejo 8B, G mejo 9B, D mejo 10B, A mejo 11B, E mejo 12B, B mejo 1B. Ta baya kuma F mejo 7B, B-filat mejo 6B, E-filat mejo 5B. A maino 8A, E maino 9A, D maino 7A, G maino 6A. Ƙa'idar ita ce ka tsaya a lambarka, ko ka matsa ɗaya gaba ko baya, ko ka sauya harafi a lamba guda. Dalili shi ne maƙwabta a da'irar sun yi tarayya a sautuka shida cikin bakwai. Mai 415 kuwa, ka cire 7 daga lambarsa: 8B ya koma 1B.

Ga jerin da na fi so na dare, duk babuka masu natsuwa. A fara da babin Schubert na D. 810 da ya rufe a G mejo, 9B. Sai babi na biyu na kiɗan Haydn Op. 76 lamba 3 na 1797, shi ma G mejo, wanda karinsa ya zama taken ƙasar Jamus a yau. Sai Larghetto na kiɗan klarinet na Mozart, K. 581, na 1789, D mejo, 10B. Sai Notturno na Borodin daga kiɗan 'yan huɗunsa na biyu, 1881, A mejo, 11B, inda celo ke ɗaukar waƙar. A rufe da Adagio na Schubert, E mejo, 12B. Wajen minti 50 ke nan, gwargwadon makaɗan da ka samu.

Abin da da'irar ba ta faɗa ba shi ne gaba da baya ba ɗaya ba ne. Tafiya gaba, daga G zuwa D zuwa A, kamar buɗe taga ne ɗaya bayan ɗaya, haske na ƙaruwa. Tafiya baya, daga D zuwa G, saukowa ce gida, domin D shi ne sautin da ke nuna hanyar G. In kana son mai sauraro ya ji an kai shi an ajiye, ka sa gaɓarka ta ƙarshe ta koma baya.

Kada kuma da'irar ta ɗaure ka. Schubert da kansa ya tashi daga C mejo ya shiga E mejo, lamba huɗu tsakani, kuma gaɓar tana da daɗi ƙwarai, saboda sautin E yana cikin dunƙulen gidajen biyu, wato sautuka ukun da kowane gida ya ginu a kansu. Sauti ɗaya tak da suka haɗu a kai ya isa gada, musamman in shi ne a sama a ƙarshen mai fita. Beethoven ya wuce nan. A kiɗansa Op. 131 na 1826, mai babi bakwai da ake kaɗawa ba tsayawa, babi na farko yana C-shaf maino, na biyu D mejo, rabin mataki kawai a sama. Manhaja za ta ce ba su dace ba. Shi kuwa ya tsiraita ƙarshen na farko ya bar C-shaf tana tsalle daga ƙasa zuwa sama, sannan D ta yi irin tsallen nan, ƙofa ta buɗe. Mai son koyon haɗa gaɓa ya saurari wurin nan sau goma, ya fi masa karatun kowace da'ira.

Mataki na biyar: gudu

Kiɗan rawa yana tafiya da injin bugu, bugu 124 a minti a farko, 124 a ƙarshe. Mutane huɗu a zaure da numfashi suke tafiya. Suna ja, suna saki, su kan rage gudu sosai a bugun ƙarshe. Lambar da manhaja ta bayar a kan irin wannan sau da yawa ninki ce ko rabi, wani lokaci ma ba ta da alaƙa da komai. Kalmomin Italiyanci na saman takarda su ma kwatance ne: Adagio a hankali, Andante tafiyar ƙafa, Allegro da hanzari. Rukuni biyu za su kaɗa Adagio ɗaya, bambancinsu ya kai minti biyu.

Da hannu za ka auna. Ka buga yatsa a tebur tare da kiɗan, ka ƙirga bugu nawa cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Ga mai shigowa, auna farkonsa. Ga mai fita, auna sau biyu: kafin ya fara rage gudu, da bugu huɗun ƙarshe. Kunnen mai sauraro na ƙarshen yake riƙewa.

Duba kuma yadda bugun ke rukuni. Babin Haydn bibbiyu yake tafiya, na Mozart da na Borodin uku-uku, Adagio na Schubert kuwa manyan bugu huɗu ne kowanne da 'ya'ya uku a ciki. Gaɓa tana zama lafiya in bugun biyu sun kusa daidai, ko ɗaya ya ninka ɗaya. Wadda ta fi damun kunne ita ce ta kusa-da-kusa, 60 ya bi 68: ba a ji an sauya ba, ba a ji an ci gaba ba, sai a ji kamar an yi tuntuɓe. A irin wannan ka tsawaita shiru har tsohon bugu ya fita daga jikin mutum. Ba na miƙa kiɗan zaure ko in matse shi don lambobi su daidaita. In gudu ya ƙi, jeri nake sauyawa.

Babuka biyar masu natsuwa a jere suna iya sa barci. In shirin ba na dare ba ne, ka saka mai ɗan motsi a tsakiya. Babi na huɗu na kiɗan Schubert D. 667, mai piyano, yana D mejo, zai zauna daidai bayan Haydn ko kafin Borodin.

Mataki na shida: ɗinkin kansa

Shiru shi ne babban kayan aikinka, kuma ana auna shi. Raba 60 da yawan bugun mai shigowa, ka sami tsawon bugu ɗaya. In 50 ne, daƙiƙa 1.2 ke nan. Daga bugun ƙarshe na mai fita, ka ƙirga bugu uku, huɗu ko shida da gudun mai shigowa, ka ajiye sautinsa na farko a kan ƙirgen. Sai ka rufe ido, ka kunna daga daƙiƙa 30 kafin gaɓar, ka ɗaga hannu kamar kai za ka ba su izinin farawa. In sun riga hannunka, ƙara shiru. In hannunka ya sauka ba su zo ba, rage. Bayan babi mai nauyi irin Adagio na Schubert, daƙiƙa shida ko bakwai ba su yi yawa ba.

Zuƙo hoton sautin sosai ka dubi farkon mai shigowa. Kafin sautin farko akwai wani ɗan tudu ƙarami. Numfashin mai biyolin na farko ne, shaƙar da yake yi ta hanci don sauran su san lokaci ya yi. Kada ka yanke shi. Sau da yawa na ga an share shi da sunan tsabta, sai kiɗan ya faɗo kamar an jefo shi ta taga.

Wutsiya ma haka. Bayan izga ta bar tsirkiya, ɗaki yana ci gaba da amsawa daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, a coci fiye da haka. Ɗaga ƙara sosai ka ji inda ta mutu da gaske, sannan ka fara dusar da fayil. Tsakanin fayil biyu kuma kada ka bar shirun kwamfuta, wanda babu komai a cikinsa, domin a abin sauraro ji ake kamar an toshe kunne. Kwafi daƙiƙa biyu na shirun ɗaki daga farkon ɗaya daga cikinsu, ka shimfiɗa a ƙarƙashi, shirun wannan ɗaki ya narke cikin na wancan. Tsohuwar ɗauka mai shuuu a bayanta, ka shigo da shuuu ɗin a hankali daƙiƙa uku kafin kiɗa, kada ya zo tare da sautin farko.

Hawa juna na gaske, inda sauti ke kan sauti, wuri ɗaya na yarda da shi: gida ɗaya ko maƙwabci, ɗauri ɗaya, kuma wutsiyar amo ce kawai ke ƙarƙashin mai shigowa, rabin daƙiƙa zuwa ɗaya. Ƙarshen babi na biyu na D. 810 zuwa Haydn irin wurin ne, G a kan G. Waƙa biyu kuwa ba a ɗora su kan juna.

Mataki na bakwai: ƙara da fitarwa

Kada ka daidaita kowane babi shi kaɗai zuwa ƙololuwa ɗaya, in ba haka ba rada za ta kai tsawa ƙarfi. Ka daidaita a gaɓa da kunne: girman celo a wannan ɗaki ya yi kusa da girmansa a wancan. Sannan ka auna shirin gaba ɗaya. Ma'aunin gidajen rediyon Turai, EBU R128, yana kan -23 LUFS, wato awon ƙarfin sauti yadda kunne ke jin sa, ƙololuwa kada ta wuce -1. Spotify yana daidaitawa a -14, amma matse kiɗan zaure har ya kai nan yana kashe tazarar da ke tsakanin laushi da ƙarfi. In masu sauraronka a waya ko mota za su ji, ka bi wuraren da suka yi laushi ƙwarai ka ɗaga su da hannu desibel biyu ko uku, a hankali, cikin daƙiƙa da yawa.

Duba kuma zaman makaɗa a kunne. Galibi biyolin na farko yana hagu, celo dama, amma wasu rukunai suna sa biyola a gefen dama, celo a ciki. In celo ya yi tsalle daga tsakiya zuwa gefe a gaɓa, ƙarin daƙiƙa ɗaya na shiru yana ɓatar da sawun.

Ka fitar da uwar aiki a WAV mai bit 24, daga ita ka ciro MP3 na rabawa. Kafin ka saki, ka bar shi ya kwana. Washegari da dare, bayan an kashe janareto unguwa ta yi tsit, ka saurare shi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da kallon allo ba, takarda a hannu. Duk inda ka ji hankalinka ya koma kan ɗinki ya bar kiɗa, rubuta mintin, da safe ka koma gaɓar ka fara da auna shirunta.